Takardar da Na Bar wa Jelani a Kan Tebur

Jelani, kafin ka taɓa komai,
ɗora kwamfutar nan bisa bulo biyu.
Bazara ce a Sakkwato,
fankarta na haki kamar jakin da ya hau tudu da albasa.
Bar iska ta ratsa ƙarƙashinta,
in ba haka ba, kafin azahar ta suma.

Ni na tafi Wurno jinyar Inna.
Kwana nawa, Allah masani.
Shafin Malam Bube baduku yana hannunka:
jakunkuna, takalma, tumtum ja da kore,
yana so mutanen Legas su gani su saya.

Kada ka yi gyara a shafin da duniya ke kallo.
Shi kansa Malam ba ya gwada kaifin wuƙa
a kan fatar da aka riga aka biya.
Akwai kwafi a cikin na'ura. Can za ka yi ɓarnarka,
ka ɓata, ka ɗinke, ka sake farkewa.

Kowane canji, ajiye shi da sunansa.
Ba "gyara" ba, ba "gyara na biyu" ba,
ba "na ƙarshe wallahi" ba,
na ga irin naka.
Rubuta: na rage hoton takalmi.
Rubuta: na mayar da farashi naira.
Mai karantawa bayan wata shida kai ne,
kuma ba za ka tuna ba.

Hotuna kuwa, zai turo maka ashirin,
kowanne nauyin buhun gero.
Matse su.
Mai saye yana tsaye a tasha,
datarsa ta ɗari biyu, sandar sabis ɗaya,
ba zai jira ka ba.
Gwada da tsohuwar wayar da ke aljihun tebur,
mai tsagaggen gilashi.
In ya buɗe a nan, ya buɗe ko'ina.

Kalmar sirri ba ta kwana cikin rubutun aiki.
Na taɓa yi, shekarar da muke Mabera.
Na tura komai fili, har da makulli.
Da asuba shafin wani mai sayar da taki
yana tallar caca da yaren da ban sani ba.
Sati guda ina sauya sahu a masallaci
don kada mu haɗa ido.

In jan rubutu ya fito, kada ka yi saurin rufewa.
Karanta shi. Yana faɗin layi, yana faɗin lamba.
Galibi baka ka buɗe ba ka rufe ba,
ko waƙafi guda ya ɓace
kamar allura a yashin Rima.
Ka duba sau uku ba ka gani ba?
Tashi ka sha fura wurin Ige.
Ko ka karanta wa kujera layi-layi da ƙarfi.
Kujerar nan ta fi ni kama kuskure.

Wuta tana zuwa bayan la'asar, in ta ga dama.
Kafin ka kunna fanka, kafin ka sha ruwan sanyi,
tura aikin yini can nesa,
inda ɓarawo da gobara ba su kai.
Kuma daren Juma'a ba a sakin sabon abu.

Hayar sunan shafi tana ƙarewa sha bakwai ga wata.
Kuɗin na cikin gwangwanin shayi.

Malam zai zo ya ce,
"Wanga suna nau ya yi ƙanƙane, ku ƙara mishi."
Ka ce to.
Ka ba shi wayarsa ya nemi takalmi da kansa.
In ya samu, ya manta da zancen suna.

Saura ɗaya.
A layi na ɗari biyu da wani abu
za ka ga inda na rubuta:
"Kada a taɓa. Ban san dalili ba, amma yana aiki."
Shekara biyu ina kewaye shi kamar ramin kunama.
Ka taɓa.
In ka gano dalilin, kira ni bayan magariba.
A Wurno, gidanmu, sabis sai gindin darbejiya,
zan tsaya a can in jira.